Kibod ɗin da Zai Iya da Ƙurar Guri

A wani shagon buga takardu a garin Guri na tarar da wani matashi yana buga wa mutane takardun neman aiki. Harafin E na kibod ɗinsa ya goge tas, dogon maɓallin tazara kuwa sai ya danna sau biyu yake amsawa. Yana gamawa ya kama wuyan hannunsa yana murzawa, ya ce, "Wallahi Yaya, da wannan ciwon nake kwana." Abin ya tsaya mini a rai, domin da yatsun nan yake ci da iyayensa.

Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke shigowa ƙasar Haɗeja na hannu ne, daga titin Beirut a Kano. Mai saye yakan duba batir da girman ma'adana, ya manta da abin da hannunsa zai wuni a kai. Tsarin jerin haruffa na QWERTY da muka saba da shi ya samo asali ne daga keken rubutun Christopher Sholes, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874. Amma kwamfutar da ta fito daga Faransa AZERTY take ɗauke da shi, ta Jamus kuma ta musanya Z da Y. Ɗalibin da ya koyi bugu a kan irin waɗannan zai iya rikicewa ranar jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015.

Sai ƙura. Duk wanda ya yi hunturu a fadamar Haɗeja ya san yadda take shiga ko'ina, da damina kuma ga danshi. Kibod ɗin laftof siriri ne, ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi, gyaransa kuma sai an kai birni. Shi ya sa na fi son a sayi na daban mai waya, wanda ba ya neman batir, a riƙa lulluɓe shi da ƙyalle, ana kife shi ana kakkaɓewa. Mai roba a ƙarƙashin maɓallai ya fi araha da shiru. Mai sifirin a kowane maɓalli ya fi ƙarko, sai dai tsada da ƙara.

Kada a saya a kwali. A zauna a buga layi uku. Yatsun manuniya su ji ɗan tudun da ke kan F da J, tazarar maɓallai ta kai wajen milimita 19, wuyan hannu ya miƙe sosai. Ƙafafun nan biyu na baya da kowa ke ɗagawa su ne ke lanƙwasa hannu. Gara a bar su a kwance.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Takardu nawa ake bugawa da "baki" a wurin "baƙi", da "kafa" a wurin "ƙafa"? Windows na da tsarin Hausa a cikinta, kuma maɓallin Alt na hannun dama ne ke fito da ɓ, ɗ da ƙ. Na nuna wa matashin nan, muka tarar nasa Alt ɗin ƙura ta riga ta kashe shi. Ya ce in ya shiga Haɗeja sayen wani kibod, wannan maɓallin zai fara gwadawa.