Yadda Ake Gane Tukwanen Abuja a Gidajen Cikin Birni

A wajen wani rabon gado da na halarta a unguwar Yakasai, na tarar an ware wani tulu mai ƙyalli cikin tarkacen da za a kai wa dillalai a Kasuwar Kurmi. Da na kifa shi na duba gindinsa, sai na roƙi magada su dakata. Wannan ne ya sa na ga ya dace in bayyana yadda ake gane irin waɗannan kaya.

Asalinsu shi ne, a shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature mutumin Ingila, Michael Cardew, aikin inganta ginin tukwane. Ya kafa cibiyar koyarwa a tsohuwar Abuja, wato garin da ake kira Suleja a yau, ya kuma shugabance ta har zuwa 1965. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko a wurin. Ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar Naira 20. Wasu daga cikin iyayenmu ma'aikatan gwamnati sun sayo kayan cibiyar, wasu kuma kyauta aka ba su. Ta haka suka shigo birni.

Alama ta farko ita ce hatimi. A gindin tukunyar ko kusa da shi za a ga sunan Abuja da haruffan Larabci, sannan haruffan sunan magini, kamar LK ko MC. Ana danna hatimin ne tun yumɓu yana ɗanye, don haka gefensa yakan yi sumul. In aka ga an kankare shi da ƙarfe bayan gashi, to a yi hattara.

Ta biyu ita ce jikin tukunyar. Randa da tulu irin namu ana gasa su ne a fili, shi ya sa suke tsatsafo suna sanyaya ruwa. Na Abuja kuwa a rufaffen murhu aka gasa su da zafin da ya haura digiri 1,200. Suna da nauyi, ba sa tsatsafo, kuma in aka ƙwanƙwasa sai su yi amo kamar tangaran.

Ta uku ita ce zane. Ladi Kwali takan tsaga siffar ƙadangare da kada da kunama da kifi da tsuntsaye irin na Gwari, da hannu, don haka ba a samun biyu iri ɗaya sak.

Alama ɗaya ba ta isa hujja ba, sai ukun sun haɗu. Shawarata ga magada ita ce kada a kankare irin wannan tukunya, kada a shafa mata fenti, kada kuma a yi ciniki sai an nuna wa masana a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa. Tulun Yakasai dai yana nan a hannun 'ya'yan marigayin.