Ko Kun Sani? Dajin da Ya Rufe Ƙauyuka a Amurka

Ko kun san cewa gandun dajin Shenandoah da ke jihar Virginia a Amurka ya tsiro ne a kan kufan mutane? Kafin a kafa shi a 1935, ɗaruruwan iyalai na zaune a tsaunukan Blue Ridge, suna noman masara, suna kiwon shanu, suna shuka itatuwan tuffa.

A 1928 gwamnatin jihar ta yi dokar da ta ba ta ikon karɓe filayen. Masu takardar mallaka sun samu diyya, amma da yawa daga masu zaman haya da waɗanda ba su da takarda sun tashi hannu rabbana. An rushe gidaje da yawa, wasu kuma aka cinna musu wuta don kada masu su su dawo. Tsofaffi kaɗan aka bari su ƙarasa rayuwarsu a can.

Yau gandun na da hanyoyin ƙafa da tsawonsu ya haura kilomita 800. Mai tafiya a cikinsu yakan ci karo da harsashin gida, da ginin dutse na fitar da hayaƙi tsaye shi kaɗai, da katangun gonaki da ciyawa ta lulluɓe. Akwai maƙabartu fiye da 100, kuma jikoki na zuwa ziyara har yanzu. Doka ta hana ɗaukar ko da tsohuwar kwalba daga wurin.