Dodon Fim Ko Ɗan Ci-rani?

Duk ɗalibin da ya taɓa kallon Koi Mil Gaya a gidan kallo ko a waya ya san Jadoo, halittar nan da ta ɓato daga wata duniya, matasa suka ɓoye ta. Amma ba kowane baƙon sama ake yi wa wannan tarba ba, kuma sau da yawa ba sama masu fim ke nufi ba. Ɗan ci-rani suke nufi.

A Turanci, kalma ɗaya ce ake kiran halittar wata duniya da baƙon haure. Shi ya sa Men in Black na 1997 ya buɗe da motar baƙin haure a iyakar Amurka da Meziko, sai ga ɗaya cikinsu ba mutum ba ne.

Wanda ya fi shafar mu shi ne District 9 na 2009. Jirgin halittun ya lalace a saman Johannesburg, aka killace su a unguwar bukkokin kwano, aka laƙaba musu sunan jatan lande don raini. Daraktan, Neill Blomkamp, ya ɗauko labarin daga District Six ta Cape Town, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta keɓe wa Turawa a 1966, ta kori mutum fiye da 60,000. Shekara guda kafin fitowar fim ɗin kuwa, an kashe mutum 62 a hare-haren ƙin baƙi a Afirka ta Kudu.

Abin takaicin shi ne, fim ɗin da ke kukan an wulaƙanta baƙo, shi ya mai da 'yan Najeriya 'yan daba masu cin naman halittun, har da raɗa wa ubangidansu Obesandjo. Ministar yaɗa labarai, Dora Akunyili, ta nemi a daina nuna shi. A ganina tana da gaskiya, sai dai mu ma ba kanwar lasa ba ne: a 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, akasarinsu 'yan Gana.

A Kaugama ba sai an je sinima ba. Da rani makiyaya na gangarowa fadamar Haɗeja, har daga Nijar, ana yi musu kallon ɓarna tun ba su sauke kaya ba. Samarinmu kuma na tafiya Legas neman kuɗi, can sunansu ya koma "aboki". A ambaliyar 2022, iyalai da yawa a ƙasar Haɗeja sun kwana a ajujuwan firamare, a garuruwan da ba nasu ba.