Makero da Kyasbi: Wace Magana ce Gaskiya?

Duk wanda ya leƙa makarantar allo ko ta firamare a yankin Kutawa na Dutsin-Ma, da wuya ya fito bai ga yaro mai makero ba. Kowa kuma da irin bayaninsa, kowa da maganinsa.

Masu cewa wurin aski ake ɗaukarsa sun yi gaskiya. Ƙwayar fangas ce ke kawo shi, dangin fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, tana cin gashi da saman fata. Aska, kilifa, mataji, hula da matashin kai duk suna kai ta daga wannan kai zuwa wancan. Maruƙa da kyanwa ma suna shafa wa yara. Amma batun wai daga jini yake tasowa, sai an wanke ciki, ba shi da tushe.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen magani. Man birki, ruwan batir da kalanzir ƙona fata suke yi, su bar tabon da gashi ba zai sake tsirowa ba. Ampiclox da 'yan uwansa ba sa taɓa fangas ko kaɗan. Yawan shansu ma yakan jawo wa mata ƙaiƙayin gaba mai farin ruwa, wanda ake ɗora wa masai laifi alhali ƙwayar a jikin mutum take zaune tun asali.

Sai kuma man shafawar nan mai haɗin uku da ke kusan kowane kemis, wanda ake cewa yana maganin komai. Wannan ce ƙaryar da ta fi shiga jiki, domin tana kama da gaskiya. A cikin man akwai sinadarin siteroid mai kwantar da ƙaiƙayi da ja nan da nan, uwa ta ga kamar an samu sauƙi. A ƙarƙashi kuwa ya raunana garkuwar fata, ƙwayar na ta bazuwa. Da an daina shafawa sai abin ya dawo ya fi da. A Indiya, likitoci sun danganta yawan amfani da irin wannan mai da yaɗuwar wani makero mai taurin kai da ba ya jin maganin da aka saba. Makeron kai ma, ko man na ƙwarai ne, ba ya kaiwa ga saiwar gashi. Magani ake sha, kamar griseofulvin, mako 6 zuwa 8, gwargwadon nauyin yaro. A sha mako ɗaya a ajiye, asarar kuɗi ce kawai.

Kyasbi daban ne. Ƙwayarsa tana kan fatar kowa, zafi da gumi da maiƙo ke sa ta yi yawa, saboda haka ƙyamar mai shi ba ta da dalili. Farin tabon yakan ɗauki watanni kafin ya koma daidai ko bayan ƙwayar ta mutu. Sai dai a kula: farin tabon da aka taɓa mutum bai ji ba yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkarwa da magani kyauta. Ƙazuwa kuma ba fangas ba ce, wani ɗan ƙwaro ne ke haƙa fata, maganinta daban.

Masu cewa fangas a fata kaɗai yake tsayawa su ma sun yi kuskure. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin nau'i 19 masu haɗari, ciki har da wanda ke kawo sanƙarau ga masu cutar ƙanjamau.

Iyaye da malaman tsangaya, kafin a sayi mai a shafa, a kai yaro asibiti a Dutsin-Ma ko Kurfi a duba kan nan, a duba na 'yan ɗakinsu, a kuma raba musu hula da mataji.