Gini iri ɗaya, kuɗi daban: abin da ke sa farashin gida a sabbin unguwannin Kano

Mu ɗauki gidaje biyu a wajen birnin Kano. Kowanne ɗaki uku ne da falo, bulo iri ɗaya, kwano iri ɗaya. Amma dillali zai iya gaya mana cewa ɗaya ya ninka ɗayan a kuɗi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Yawancin abin da mai saye ke biya ba ya cikin katangar gidan. Yana waje: hanyar da ta kai ƙofar, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, maƙwabta, da takardar da ke cikin akwatin mai gidan.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan sakandare da cinikin gida? Da yawanmu muna zaune a gidan da iyayenmu suka shekara goma ko ashirin suna tara kuɗinsa, wasunmu kuma gidan gado ne da wata rana za a yi masa kuɗi a raba. A gidaje da dama ma, ɗalibi ake kira ya karanta takardar ciniki idan da Turanci aka rubuta ta.

Mu fara da hanya. Kano ta bazu ne ta bin manyan titunanta: Kurna da Bachirawa a titin Katsina, Na'ibawa a titin Zariya, Mariri a titin Maiduguri, Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Janguza a titin Gwarzo. Wuraren da ke titin Gwarzo sun ƙara samun tagomashi saboda sabon matsugunin Jami'ar Bayero. Dubban ɗalibai da ma'aikata na neman wurin kwana kusa da makaranta, don haka wanda ya gina ɗakuna a can ya san zai samu 'yan haya, kuma wannan tabbacin yana shiga cikin kuɗin filin tun kafin a aza bulo ko ɗaya.

Nisa ma kuɗi ne, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ga lissafin da za mu iya yi a bayan littafi. Mu ƙaddara mutum huɗu ne ke fita daga gida kullum, kuma saboda nisan unguwar kowannensu yana ƙara naira 500 a kuɗin adaidaita sahu, zuwa da dawowa. Naira 2,000 ke nan a rana. A kwana 20 na aiki da makaranta, naira 40,000 a wata, wato naira 480,000 a shekara. Gidan da aka ce yana da araha ya fara karɓar arahar tasa da kaɗan-kaɗan.

Inda lamarin ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne yadda aka yanka filin tun farko. Akwai filayen da gwamnati ta tsara, aka fitar da tituna da magudanan ruwa da wurin makaranta. Akwai kuma abin da Kanawa ke kira awon igiya: mai gona ya sayar, a zo a auna a yayyanka fuloti-fuloti a sayar wa jama'a. Fuloti mai ƙafa 50 a 100 yana da kusan murabba'in mita 465, don haka hekta ɗaya za ta ba da fuloti 21 idan ba a bar hanya ko ɗaya ba. Kun ga inda matsalar take. Duk taku ɗaya da mai yanka ya bar wa titi, kuɗi ne ya fita daga aljihunsa. Shi ya sa lungunan irin waɗannan unguwanni ke da ƙunci, wani ma mota ba ta shiga, balle motar kashe gobara. Bayan shekara goma, mutum zai iya shimfiɗa tayil har a katanga, amma ba shi da ikon faɗaɗa lungun. Mai saye mai wayo yakan duba faɗin hanya kafin ya duba falo.

Sai takarda. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amanar jama'a. Abin da mutum ke samu shi ne izinin zama da amfani, kuma takardar shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa ga gidan zama galibi ta shekara 99 ce. Gidaje da yawa a sabbin unguwanni ba su da ita. Abin da ke hannun masu su shi ne takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa ko dagaci. Ana saye ana sayarwa da ita kullum, amma banki ya fi sakin jiki da takardar gwamnati idan za a jingine gida a karɓi rance, kuma ita ta fi ƙarfi idan rigima ta kai kotu. Saboda haka gidan da ke da ita ya fi tsada. A Kano, hukumar KANGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, KNUPDA kuma ita ke ba da izinin gini. Tambaya a waɗannan ofisoshi kafin a biya kuɗi ta fi kuka bayan an shafa wa katanga jan fenti.

Wuta da ruwa ba sa bukatar dogon bayani, kowa ya san zafinsu. A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin lantarki ga layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana zuwa naira 225 kowane yunit. Tela da mai walda suna neman irin wannan layin, mai ƙaramin albashi kuma yana gudunsa. Unguwar da rijiyar burtsatse ke ba da ruwa a kusa ta fi wadda kullum sai an jira 'yan garuwa.

Shi kuma mai sayarwa, lissafinsa daban ne. Yana tuna buhunan simintin da ya saya da rodin da ya zuba, yana so a biya shi da farashin yau. Idan siminti ya hau, kuɗin tsofaffin gidaje ma yakan bi shi, domin mai saye ya san gina sabo ya fi haka tsada. Amma ƙofar gilas da fitilu masu launi ba kasafai suke dawo da kuɗinsu ba. Sannan dalilin sayarwa yana da nauyi: magada da ke son a raba gado da wuri, ko mai neman kuɗin asibiti, sukan sallama ƙasa da wanda ba abin da ya kore shi. Dillalai sun fi kowa sanin wannan, kuma tunda la'adarsu kaso ce daga kuɗin cinikin, abin da suka fi so shi ne ciniki ya faɗa.

Akwai abu ɗaya da rani ke ɓoyewa. An gina gidaje da yawa a kan kududdufin da aka cike da shara da ƙasa, ko a kan hanyar ruwa. A watan Fabrairu duk unguwa tsaf take. Masu saye da suka san gari sukan bari sai Agusta, su je bayan an ɗauke ruwan sama, su duba ƙasan katanga ko akwai layin danshi, su kuma tambayi mai shagon lungun inda ruwan bara ya tsaya.