Ganyen Alkama Ne Zai Faɗa Maka Yawan Takin da Take Buƙata

Burodi, taliya da alkakin da ake ci a Suleja duk daga alkama suke, amma ita alkamar ba ta son ɗumin wannan yanki. Sanyin hunturu take so, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba a filayen noman rani na Kadawa a Kano, Haɗeja a Jigawa da Bakolori a Zamfara. A can, taki na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin manomi, kuma da yawa suna zuba shi ne bisa al'ada, ko gwargwadon abin da maƙwabci ya zuba.

Abin da alkama ta fi nema a taki shi ne naitirojin, wanda ya kai kashi 46 cikin ɗari na yuriya. Da shi tsiro ke haɗa kulorofil, sinadarin da ke sa ganye kore. In ya yi ƙaranci, tsofaffin ganyayen ƙasa ne ke fara rawaya, gindi ya kasa fitar da 'ya'ya. In ya yi yawa, kara ya yi tsawo ya yi laushi, iska ta kwantar da gonar, ragowar takin kuma ya bi ruwa.

Don auna koren ganye, kamfanin Minolta na Japan ya ƙera wata 'yar na'ura, SPAD-502, mai maƙale ganye kamar maƙalin shanya. Tana haska shi, ta auna hasken da ya ratsa, ta ba da lamba. Ganyen da ya fi kore ya fi lamba.

Ga yadda ake yi. A ware fangali ɗaya a ƙosar da shi da taki, ya zama ma'auni. Idan gindin alkama ya fara fitar da 'ya'ya, a zaɓi ganyen sama da ya gama buɗewa, a auna tsakiyarsa, a kauce wa jijiyar tsakiya. A auna tsirrai kamar 30 daga sassan gona, a fitar da matsakaici. In ya yi ƙasa sosai da na fangalin ma'auni, a ƙara yuriya sannan a yi ban ruwa nan take, don yuriyar da aka bari a sarari tana bin iska. In sun yi kusa, a adana buhun.

Sai dai ba kowace rawaya ce yunwar naitirojin ba. Kwanciyar ruwa da cutar tsatsa suna kawo ta, haka ma ƙarancin sulfa, wanda ke fara bayyana a sabon ganye. A nan ake buƙatar malamin gona.

Na'urar tana da tsada, amma ɗaya ta ishi ƙungiyar manoma. Akwai kuma katin launin ganye mai araha da cibiyar IRRI ta Filifin ta yaɗa domin shinkafa, wanda masu shinkafar jihar Neja za su iya tambayar masana cibiyar Badeggi a kansa kafin su zuba taki na biyu.