Kwaɗo Mai Dafi da Tsuntsu Mai Faɗa

Kai mai karatu, ka san kwaɗon nan da ke kuka a Bompai da damina. In kare ya cafke shi, sai ya tofar, bakinsa na kumfa, gama akwai dafi cikin ƙullutun da ke bayan idon kwaɗo. To, yana da ɗan'uwa a Kolambiya, cikin Amurka ta Kudu, wanda ya fi shi mugun dafi nesa. Masana ba su raɗa masa suna ba sai cikin 1978. Tsawonsa kamar inci 2 ne, launinsa rawaya. Maharban kabilar Embera sukan goga tsinin kibiya a bayansa, ta ɗauki dafi.

A ƙasashen nan kuma akwai waɗansu tsuntsaye masu cafke ƙwari a sama, irinsu ya fi 400. Waɗansunsu masana na ce musu Tiranus, wato azzalumin sarki, don in shaho ya kusanci sheƙarsu, sai su far masa da sara har ya gudu.

Ka ga su biyun nan ƙanana ne, abincinsu ɗaya, wato ƙwari, amma kowa da makaminsa. Tsuntsu ba shi da dafi, sai zuciya da fiffike. Kwaɗo kuwa ba ya faɗa, ba ya ɓuya. Yawo yake da rana tsaka, launinsa na gargaɗin maƙiyi. Dafin nan daga ƙwarin da yake ci yake samunsa. In an yi kiwonsa a gida da wani abinci dabam, ba ya yin dafi.

Amma akwai inda dafi ba ya ceto. Kwaɗo ba ya sha da baki, ta fatarsa ruwa ke shiga jikinsa, a cikin ruwa kuma 'ya'yansa ke girma. In ruwa ya ɓaci, tsuntsu ya tashi ya sake wuri, kwaɗo fa?

Haka yake ga namu. Ƙazamin ruwan masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ana kuwa ban ruwan lambu da shi. Saboda haka in ka ga kududdufin da kwaɗi suka saba kuka ya yi tsit da damina, ka bincika ruwan kafin ka shayar da dabbarka ko ka bar ɗanka ya yi wanka.